Baburin da Ba Shi da Dangi

A amalanken jaki aka shigo da shi unguwarmu ta Bukoki, a kwance, tayar gaba tana lilo, Yaya yana biye a baya yana dogara sandarsa. Ina kan keken ɗinkina a rumfar ƙofar gida. Na ɗaga kai na ga abin, na mai da ido kan allura, don na ɗauka tarkacen maƙwabcinmu mai walda ne. Sai da mai jakin ya tsaya daidai ƙofarmu ya fara kwance igiya na gane namu ne.

Ɗan ƙaramin babur ne, irin wanda mutanen Arlit suke ce wa mobilet. An shafe shi da fenti rawaya tun daga fitila har wutsiya, irin fentin manyan motocin da ke haƙar ƙasa a ma'adini. Wanda ya yi shafen nan bai tausaya wa komai ba. Tambari, lamba, rubutun jikin tanki, duk ya bi ta kansu.

Na ce, "Yaya, me ka ba da?"

Ya ce, "Rediyo."

Rediyon nan ita ce abu mafi daraja a gidanmu, kuma ita ke cike mana shiru tun da Yaya ya fito daga asibiti. Na buɗe baki, na tuna ni ne ƙarami, na rufe.

Yaya ya riga ni zuwa Arlit daga ƙauyenmu na wajen Matamaye, a shekarun da yuraniyom ke tashe, garin yana haɗiye samari ta ko'ina. Yana aiki da wani ɗan kwangila mai gina gidaje, ran nan ana sauke rodi daga mota, ɗaurin ya zame ya sauka a kan gwiwarsa ta dama. Ya warke, amma ƙafar ta daina lanƙwasuwa. Daga nan wata doka ta shigo gidanmu ba tare da kowa ya kafa ta ba: ba a zancen ƙafar. Mai gaisuwa sai ya ce ya jiki, ya tsaya nan. Matar Yaya ta naɗe tabarmarsa ta sa masa kujera a gurbinta, ba ta ce don me ba, shi ma bai tambaya ba. Ni kuma na koyi tafiya a hankali idan muna tare, ina yi kamar kallon kanti nake.

Wani Alhaji ɗan Maraɗi mai ɗakin ajiyar kaya a Akokan, sabon garin da ke kusa da Arlit, ya yi masa alkawarin aikin tsaron kaya da lura da shige da fice. Aikin zaune ne, ya dace da shi. Ya ce zai riƙe masa gurbin har bayan Babbar Sallah, in dai zai iya kai kansa da safe ya mai da kansa da yamma. Motar ma'aikata ba ta ɗaukar wanda ba na kamfanin ma'adini ba, Akokan kuma lokacin ana kan gina ta, babu ɗakin haya ga irinmu. Tafiyar ƙasa tsakanin garuruwan biyu, mai ƙafa biyu lafiyayyu ma yana isa ne a jiƙe. Baba ya riga ya aiko cewa Yaya ya dawo gida, hatsi bai ƙare a rumbu ba. Sau ɗaya tak na ji Yaya ya amsa wannan saƙo, shi ma ba da ni yake ba. Ya ce, "In koma in zauna gindin gawo ana aiko min da fura." Ban taɓa jin muryarsa ta yi sanyi haka ba, kuma na tsorata.

To, ranar da aka kawo baburin, ya zagaya shi yana nuna mini da sanda.

"Duba nan. Totur a hannu. Birki biyu, duk a hannu. Babu giya. Komai da hannu ake yi."

Na duba. Na kuma ga feda biyu, dama da hagu, irin na keke. Kowa a Arlit ya san yadda ake ta da mobilet: ka hau, ka yi ta tuƙa feda har inji ya kama. Na ga fedar nan sarai. Na ce, "Haka ne, Yaya." A raina na ce bari dai ya tashi tukuna, sauran magana ta biyo baya.

Ni tela ne, amma a lokacin ina ganin duk wanda ya iya kwance keken ɗinki ya mayar, babu injin da zai gagare shi. Na karɓi kwanukan matar Yaya da dama, na kwance baburin nan a tsakar gida, kowane ƙarfe da kwanonsa. Yaya yana kan kujera yana ba da umarni. Muka gano abin da ya mutu: zoben fistan ya karye, bel ya tsattsage, ƙwan fitila ya ƙone, sannan kafireto, ɗan ƙoƙon nan da ke gauraya mai da iska, ya tsage ta gindi. Ba wani abu mai yawa ba ne. Abin da ya rage kawai mu san wane irin babur ne, don mu san inda za a nemi kayansa.

Na sa wuƙa na kankare fentin tanki. Ƙarƙashin rawaya akwai shuɗi. Ƙarƙashin shuɗi akwai ja. Ƙarƙashin ja sai ƙarfe tsirara, babu ko harafi ɗaya. Na koma kan murfin inji, na sami wurin da tambari ya taɓa zama, ramuka biyu na ƙusa, shi ke nan.

Maƙwabcinmu mai walda, Ba'adare ne daga Tawa, ya leƙo ta katanga ya shigo ba sallama sai da ya tsuguna.

Ya ce, "Wanga na Faransa na. Dubi ƙashin bayan ga. Irin wanga da na gyara sun fi a ƙirga. Can anka yi shi, ko shakka babu."

Da yamma wani direban babbar mota, Bakano, wanda nake ɗinka wa riguna, ya zo karɓar ɗinki. Ya murza tayar gaba, ya ja birki, ya yi dariya.

"Wane ne ya ce Faransa? Malam, wannan ai ɗan Japan ne. Irinsa cike suke a Sabon Gari."

Washegari na ɗauki injin a cikin buhu na kai wa wani bakanike ɗan Dahome da ke bayan kasuwa. Ya juya shi, ya sunsuna, ya ƙwanƙwasa da sifana.

"Italiya ne," in ji shi. "Italiya ya yi shi. Wanda ya ce maka wani abu, bai san inji ba."

Na dawo gida da ƙasa uku a kaina da inji ɗaya a buhu. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne babu wanda ya yi kama da mai ƙarya a cikinsu. Kowa ya nuna mini hujjarsa da yatsa, kuma duk wanda nake gabansa, shi nake gaskatawa.

A Arlit ta wancan lokaci ba a odar kayan gyara da suna. Abin da ya lalace za ka cire, ka ƙulle a tsumma, ka kai tasha ka damƙa wa direban da ka sani, ka haɗa masa da goro. Shi zai je kasuwar wani gari ya miƙa wa mai kaya, a aza tsohon kusa da sabo, a duba da ido. Samfur muke ce masa. Da haka ake samun kan risho da allurar keke da haƙorin injin niƙa, kuma yana yi. Tun da ba mu san wanda za mu bi ba, sai Yaya ya ce a bi kowa. Kafireto ya bi Bakano zuwa Kano. Bel ya bi wata motar dabino da ke hawa arewa ta Assamaka zuwa Tamanrasat ta Aljeriya. Zoben fistan ya tafi Agadas a aljihun ƙanin mai walda. Ƙwan fitila kuma wani malamin makaranta ya tafi da shi Yamai. Don kada in rikice, kowane samfur na ƙulle shi a ƙyallen atamfa daban, na ajiye ɓarin ƙyallen a cikin kwanon da abin ya fito.

Dabara ce mai kyau, har ranar da matar Yaya ta gaji da dafa abinci ba wurin zubawa. Ta juye komai a babban daro ɗaya, ta wanke kwanukanta, ƙyallayen kuma ta yi tsumman tukunya da su. Da na yi magana ta ce, "To a tafin hannu zan zuba muku tuwon?" Na tsuguna gaban daron nan ina kallon ƙusoshi da wasoshi sun cakuɗe, wasu ma na rantse ban taɓa ganinsu ba.

Sai kaya suka fara dawowa. Bel ɗin Tamanrasat ya zo, sabo fil, tsawonsa zai iya zagaye baburin gaba ɗaya. Zoben Agadas ya shige cikin silinda ya yi ta rawa. Malamin makaranta aka canza masa wurin aiki, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba, shi da ƙwan fitilarmu. Bakano ya dawo yana washe baki, ya miƙo mini kafireto mai ƙyalli, bakinsa ya ninka na injinmu faɗi.

Na ce, "Ina tsohon?"

Ya ce, "Wane tsohon? Mai kayan ya jefa a kwandonsa mana. Me za ka yi da mataccen abu?"

Nan ne raina ya ɓaci sosai. Tsagaggen kafireton nan shi kaɗai ne a duniya muka tabbatar ya dace da injinmu, ga shi can a kwandon wani a Kano. Haka bel, haka zobe. Kowane direba ya dawo da sabo ya bar tsohon a can, don a ganinsa alheri ya yi mana. Baburin da ya shigo gidanmu a cike, mun rarraba shi ƙasa uku da hannunmu. Muka sake aika wasu sassan, na kusa da waɗanda suka ɓata, ko a gwada da su. Su ma wasu suka dawo, wasu suka zauna. Azumi ya wuce, Ƙaramar Sallah ta wuce, babur yana raguwa, daro yana cika da kayan da ba nasa ba.

Yaya ya rage magana. Yakan zauna ya ɗora ƙafar a kan gwangwani, ya zuba wa ƙashin baburin ido. Baba ya sake aiko da saƙo. Ni kuma ɗinkin mutane ya taru, ina ɗinka hannun riga ina tunanin kafireto, har na taɓa haɗa wa wani wando aljihu a gwiwa.

Wanda ya warware mana, ko in ce ya ƙara dagula mana, wani tsohon Buzu ne mai kawo wa matar Yaya cuku. Da can ya yi gadi a unguwar Turawa. Ran nan ya shigo, ya tsaya kan ƙashin baburin da ke jingine da bango, ya sa yatsa a wani tabon walda kusa da sirdi, ya yi dariya a cikin rawaninsa.

Ya ce, "Na san wannan."

Na miƙe tsaye. "Baba, na wace ƙasa ne?"

"Ƙasa? Na nan ne. Ba a saya ba. Nasara ya yi a bayan gidansa, ni ina riƙe masa. Wannan ya mutu, ya cire inji. Wancan mota ya taka, ya cire taya. Ya haɗa, matarsa ya hau, ya je kasuwa."

Ashe ƙashin bayan na Faransa ne, injin na Italiya, tayoyi da birki na Japan. Mai walda ya yi gaskiya, ɗan Dahome ya yi gaskiya, Bakano ma ya yi gaskiya. Mu ne muka aika kafireton Italiya wurin masu kayan Japan. Na zauna a ƙasa, ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Wata da watanni muna nema wa abu dangi a Kano da Aljeriya, alhali a nan Arlit, bayan katangar unguwar Turawa, aka haife shi.

Yaya ne ya fara magana. Ya ce, "To, tun da haɗa shi aka yi, a sake haɗa shi."

Daga ranar muka daina aike. Muka zazzage daron a kan tabarma, muka koma duba abin da zai shiga ina, ba abin da ya kamata ba. Mai walda ya yanko guntun bututu ya yi wa kafireton Kano wuya, faɗi ta nan, tsuke ta can. Ɗan Dahome ya tono zobe daga wani mataccen injin ban ruwa, muka yi ta goga bakinsa a dutse har ya zauna. Bel muka samo wurin mai injin markaɗe. Gasket, 'yar shimfiɗar da ke hana inji yoyo, ni na yanka da almakashina daga kwalin sukari. Ƙusoshi suka yi saura da yawa, na tara su a gwangwani na tura ƙarƙashin gado don kada su dame ni. Fitila dai ba ta sami ƙwai ba. Muka mayar da gilashinta haka nan, tun da aikin na rana ne.

Duk gwajin da aka yi, ni ke hawa. Babu wanda ya ce a yi haka, haka kawai ya kasance. A ɗora shi a kan ƙafarsa ta tsakiya, in hau, in yi ta tuƙa feda. Ƙafar tela ba ta gajiya da wannan. Ana saura 'yan kwanaki Sallah, da hantsi, ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari, sai ya kama da wata ƙara kamar ana yaga sabon yadi. Hayaƙi ya cika gidan, kaji suka watse, matar Yaya ta fito da muciya a hannu. Na juya na ga Yaya yana dariya har da dukan sanda a ƙasa. Rabona da ganin haƙoransa tun kafin asibiti.

Ranar da zai fara aiki ya sa farar rigarsa, ya rataya sanda a baya da igiya. Mai walda ya fito, matar Yaya ta tsaya a bakin ƙofa. Ya jefa ƙafar dama a kan sirdi, ta miƙe gaba, a sandare, can gefen feda. Ya aza ta hagu a kan tata fedar. Ya danna, fedar ta sauka ƙasa ta tsaya, ɗayar ta taso sama tana jiran ƙafar da ba za ta zo ba.

Babu wanda ya yi motsi. Mai walda ya sami abin kallo a tafin hannunsa. Ni na tsaya kamar an dasa ni, ina jin kunya da haushi, ban san ma haushin wa nake ji ba. Dukanmu mun ga fedar nan tun ranar farko. Yaya ya sa hannu a aljihu ya zaro ƙyalle, ya sunkuya ya fara goge gilashin fitila. Ya goge, ya hura, ya sake gogewa. Na jira har ya mai da ƙyallen aljihu. Sannan na zaga baya, na kama ƙarfen ɗaukar kaya, na tura da gudu. Inji ya kama, babur ya fizge daga hannuna. Bai waiwayo ba, hannun hagu kawai ya ɗaga.

Haka muka ci gaba kowace safiya. Ya hau, ya zaro ƙyalle, ya goge fitila. Ni ina tsaye gefe ina jira ya gama, don ba na yi wa yayana gaggawa. Wata rana gogewar takan yi tsawo har in ƙosa. Nakan ce a raina, wannan wace irin tsafta ce, fitilar da ko ƙwai babu? Mutum zai makara aiki saboda gilashi. In ya gaji ya mai da ƙyallen, in tura, ya ɗaga hannu, in koma kan kekena. Da yamma kuma sai mu ji ƙararsa tun daga nesa. Yadda yake ta da shi a can Akokan, na sha tambayar kaina, amma ban tambaye shi ba, tun da amsar ta bi ta kan ƙafa.

Can bayan sanyi ya shigo, na kai wa wani ɗinkinsa a Akokan, na bi motar yashi. Da na gama, la'asar ta yi sanyi, na ce bari in biya ta wurin Yaya. Na hango shi daga kwanar wani gini da ba a gama ba. Ya kulle ɗakin kaya, ya turo babur bakin hanya, ya hau. Sai ya zaro ƙyallen nan ya fara goge fitila.

Na tsaya inda nake. Ma'aikata suna tasowa daga aiki, jefi-jefi, da hulunan kwano a hannu. Wasu mutum biyu suka zo wucewa suna gardama a kan wani abu. Ɗayan, dogo, ban san shi ba, kuma daga gani ba ɗan wajenmu ba ne. Da ya hango ƙyallen, bai ko katse maganarsa ba. Ya miƙa wa abokinsa kwanon abincinsa, ya kama bayan baburin, ya tura. Yaya bai gama gogewa ba ya cusa ƙyallen a aljihu ya riƙe kan babur. Inji ya kama. Ya ɗaga hannun hagu, bai waiwayo ba. Dogon ya karɓi kwanonsa, suka ci gaba da gardamarsu.

Na daɗe a jikin ginin nan. Baƙon da bai san sunan ƙauyenmu ba ya gane abin da ƙyallen yake nufi. Ni da muka fito ciki ɗaya, kullum ina tsaye ina jira ya gama, shi kuma yana gogewa yana jira in zo. Tausayinsa ya kama ni.

A ƙasa na dawo Arlit, na tarar har ya yi alwala. Ya ce daga ina, na ce kai ɗinki. Ya ce bel ya fara kuka, in duba masa. Na ce to.

Da safe ya hau, ya gyara zaman sandarsa, ya kai hannu aljihu. Kafin ƙyallen ya fito na riga na kama ƙarfen baya.

Na ce, "Riƙe da kyau, Yaya."

Ya zare hannunsa daga aljihu ba komai a ciki, ya kama kan babur.